Sauya Ƙwayayen Dashbod zuwa LED da Tasirinsa ga Cajin Batir: Nazari a Garejojin Tsafe, Gusau da Bunguɗu

Tsakure

Maƙalar ta duba yayin da ake yi na cire ƙwayayen zare daga dashbod ɗin tsofaffin motoci a sa na LED. Ta nuna cewa ribar wutar da ake zuzutawa ba ta taka kara ta karya ba, kuma akwai ƙwai ɗaya, na alamar caji, wanda taɓa shi kan hana altaneta kama aiki a kan lokaci.

Gabatarwa

Motocin da ke jigila tsakanin Gusau, Kwatarkwashi, Tsafe da Funtuwa galibinsu sun kwana biyu: Golf, Sharan, tsofaffin Toyota, da ragowar Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975. Dashbod ɗinsu ya dushe, direba ba ya ganin allurar zafi da dare. Mai gyaran waya, wanda ake kira rewaya, yakan ba shi shawara guda: a zuba LED. Tambayar da aka sa a gaba ita ce, shin kowane ƙwai ne ya karɓi wannan sauyi?

Abin da aka riga aka faɗa

Tarihin LED sananne ne. Nick Holonyak ya samar da mai jan haske a 1962, sannan Akasaki da Amano da Nakamura suka sami kyautar Nobel a 2014 saboda mai shuɗin haske, wanda daga gare shi ake samun fari. Babu mai jayayya cewa ƙwan zare yana ƙone mafi yawan wutarsa a zafi. Inda marubucin nan ya raba gari da masu sayar da kayan gyara, daga Gusau har Ƙofar Ruwa a Kano, shi ne cewar da suke yi LED yana “hutar da batir”. A gida, inda fitilu ke cin kaso mai tsoka, hujjar tana da ƙarfi. A dashbod kuwa lissafi ya ƙaryata ta. Ƙaramin ƙwai nau'in T5 wat 1.2 yake ci. Goma daga cikinsu wat 12 ke nan. Altaneta mai amfiya 70 a kan bolt 14 tana iya ba da kusan wat 1,000. Ashe abin da ake ceto bai fi kashi ɗaya da ɗoriya cikin ɗari ba. Ribar LED ta gaskiya ita ce haske da daɗewa da rashin ƙona robar da ke riƙe da shi, kuma waɗannan sun isa dalili ba sai an ƙara gishiri ba. Haka nan maganar da ta zama ruwan dare a gareji, wai “ƙwai ƙwai ne, in dai ya shiga gurbinsa”, ita ce tushen ɓarnar da za a bayyana.

Dabarun bincike

An bi zanen wayoyin caji na tsofaffin motoci, an yi lissafi da dokar Ohm, an kuma zauna da rewaya da direbobi a Tsafe da Gusau da Bunguɗu ana auna bakin batir da mita.

Ƙwan alamar caji

A tsarin tsofaffin altanetoci, jan ƙwan nan mai hoton batir aiki biyu gare shi. Na farko kowa ya san shi, wato gargaɗi. Na biyu ɓoyayye ne. Idan aka murɗa makulli, wuta tana tasowa daga batir, ta ratsa zaren ƙwan, ta bi siririyar wayar da ke shiga bakin D+ ta isa naɗin wayar da ke juyawa a cikin altaneta. Wannan 'yar wuta ce ke haifar da maganaɗisun farko. Kamar injin ban-ruwa ne, wanda sai an ɗura masa ruwa kafin ya jawo na rafi. Da zarar altaneta ta kama, sai ta ciyar da kanta, ƙarfin wuta ya daidaita a gefe biyu na ƙwan, shi ya sa yake mutuwa.

Ƙwan zare mai wat 2 yana barin kimanin miliamfiya 160 su wuce. LED irin wanda ake sayarwa miliamfiya 20 yake sha ko ƙasa da haka, wato kashi ɗaya bisa takwas. Sau da yawa wannan bai isa tayar da altaneta a silo ba.

Ga yadda abin yake a ido. Rewaya ya ɗora mita a kan batir, direba ya tayar da mota. Jan hasken bai mutu ba, mita tana tsaye a bolt 12 da 'yan kai. Direba ya taka totur har inji ya yi kururuwa, sai hasken ya ɗauke, mita ta haura tsakanin 13.8 da 14.4. Ragowar maganaɗisun da ke jikin ƙarfe ce ta ceci lamarin. Direbobi kan ce, “Sai an ba ta wuta take kama caji,” su ɗora laifin kan fambel ko burushi. Wanda ya bar mota a silo a tasha yana jiran fasinja, fitilu da rediyo a kunne, batirinsa yake ci. Daga nan sai a sayi sabon batir, a kwance altaneta lafiyayya, kuɗi su tafi a banza.

Mafi muni shi ne idan an sa LED ɗin a juye. Ƙwan zare bai damu da wace ƙafa ta shiga wane rami ba, amma LED hanya ɗaya yake ba wuta. A juye ba ya kamawa, ba ya kuma aika komai ga altaneta, don haka caji ya tafi, mai gargaɗin ma ya yi shiru. Duk wanda ya san halin da hanyar Tsafe zuwa 'Yankara ta shiga a shekarun nan na 'yan bindiga ya san cewa mutuwar mota a can bayan magariba ta wuce batun asarar kuɗi. Abin takaici ne a jefa rayukan fasinjoji cikin wannan hali saboda ƙwan da bai kai ɗan yatsa ba.

Maganin ba shi da tsada. Ko dai a bar ƙwan zaren a gurbinsa, wanda shi marubucin ya fi so, ko a haɗa rezista mai om 68 tsakanin ƙafafun LED ɗin biyu, kowane bakinta a ƙafa ɗaya. Za ta fitar da zafin wat 2 da ɗoriya, saboda haka a zaɓi mai ɗaukar wat 5, a kuma nisanta ta da roba.

Sauran abubuwan da aka lura da su

A wasu tsofaffin motocin Japan, alamar ƙarewar mai tana dogara da wata 'yar na'ura a cikin tanki wadda wutar ƙwan zare ke ɗumamawa. Da LED alamar kan zauna a kunne ko tanki a cike yake. Maɓallin rage haske irin na da shi ma yakan daina tasiri, domin 'yar wutar da LED ke ja ba ta isa a rage ta ta wannan hanya ba. Direba sai ya kwana yana tuƙi da shuɗin haske a fuska, alhali ido kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai. Ja ko ruwan goro ya fi dacewa da mai tafiyar dare.

Iyakar binciken

Dole a yarda cewa awon gareji aka yi da mitar hannu, ba na ɗakin gwaji ba, kuma sababbin motocin da kwamfuta ke sarrafa cajinsu ba sa cikin wannan hukunci. Akwai ma tsofaffin da kamfani ya riga ya sa musu rezista a bayan dashbod, waɗanda sauyin ba zai dame su ba. Sai dai gane su ba ya buƙatar gardama: bayan an sa LED, a tayar da mota ba tare da taɓa totur ba, a duba ko mita ta wuce bolt 13.5.