Sawaba a Damagaram: Daga Ƙuri'a Zuwa Bindiga

Kowa ya san kalmar sawaba. Idan ciwo ya sassauta, sai a ce an sami sawaba. Idan hatsi ya yi araha a kasuwa, sai a ce ya yi sawaba. To, akwai lokacin da faɗin wannan kalma a fili yake kai mutum gidan kaso a ƙasarmu. Sawaba sunan wata jam'iyya ce ta talakawa. Ta ci zaɓe, ta riƙe gwamnati, aka tuɓe ta, aka haramta ta. Daga ƙarshe ƴaƴanta suka ɗauki bindiga. Ƙasar Damagaram tana cikin wuraren da ta fi ƙarfi. Ga yadda abin ya faru.

Damagaram a hannun Nasara

Kafin zuwan Nasara, Damagaram babbar daula ce. Sarki Tanimun ya kewaye birni da ganuwa, ya sa an ƙera bindigogi da igwa. Ayarin raƙuma yana zuwa daga Tarabulus, ya sauka a Zango, ya wuce Kano.

A 1899 sojojin Faransa suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini, suka kashe Sarki Ahmadu Kuran Daga. A 1906 suka tuɓe Sarki Ahmadu Ɗan Basa, suka ce yana shirya musu tawaye, suka kai shi Kwaddibuwa. Ba su mayar da sarautar ba sai 1923. Daga 1911 Damagaram ce babban birnin ƙasar Nijar, amma a 1926 aka ɗauke gwamnati aka kai Yamai. Wannan abu ya daɗe yana yi wa mutanen gabas ciwo.

Talaka shi ya fi kowa shan wuya. Ga kuɗin lanho kowace shekara. Ga aikin tilas na gyaran hanya da ɗaukar kaya, wanda ba a hana ba sai 1946. Manomin Magarya da na Matamaye ya noma gyaɗa, amma kamfanonin Turawa ke yanka mata kuɗi. Kumandan ya ba sarki umarni, sarki ya ba mai gari, mai gari ya faɗa kan talaka. Mutane suka gaji, suna neman sawaba.

Mene ne kwaminisanci?

A wancan zamani akwai wata aƙida da ta bazu a duniya, ana ce mata kwaminisanci ko gurguzu. Masu ita suna cewa duniya ta rabu biyu: masu aiki da masu cin gumin masu aiki. Suna cewa gona da masana'anta su zama na jama'a duka, kada wasu ƴan tsiraru su mallake. Da wannan aƙida aka kifar da mulki a Rasha a 1917. A ƙasar Sin kuma Mao ya tara manoma, suka yi yaƙi shekara da shekaru, suka ci mulki a 1949.

A Faransa ma akwai jam'iyyar kwaminis mai ƙarfi. Da ƴan Afirka suka kafa jam'iyyar RDA a Bamako a 1946, da ita suka ƙulla abota. A 1950 shugaban RDA, Hufuwet Bwanyi, ya yanke wannan abota, ya shirya da gwamnatin Faransa. Reshen RDA na Nijar, wato PPN, ya bi shi. Amma wani malamin makaranta mai suna Jibo Bakari ya ƙi.

Jibo da raƙuminsa

An haifi Jibo Bakari a 1922 a Sudure, kusa da Yamai. Shi da Jori Hamani ƴan'uwa ne, amma siyasa ta raba su. Da Jibo ya bar PPN, sai ya shiga haɗa kan ƴan ƙwadago. A 1954 ya kafa jam'iyyar UDN. Ita ce jama'a suka laƙaba wa suna Sawaba. Alamarta raƙumi, alamar RDA kuwa giwa.

Su wane ne ƴan Sawaba? Direbobi ne da yaran mota, da teloli, da mahauta, da magina, da ƴan tebur, da ƙananan ma'aikatan gidan waya, da malaman allo, da mata masu sana'a. Direbobin nan su suka kai maganar ƙauye-ƙauye. Duk inda motar gyaɗa ta tsaya, labarin Sawaba ya sauka.

Akwai dalilin da ya sa maganar ta kama a Damagaram. Kano kusa take, kullum ana kai da kawowa. A can Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, suna kiran talakawa da wannan kalma ta sawaba. Harshe ɗaya, kuka ɗaya. Abin da aka faɗa a Kano yau, jibi an ji shi a kasuwar Damagaram.

Kada mu ɗauka duk ɗan Sawaba kwaminis ne. Wasu shugabannin sun karanta littattafan gurguzu, sun yarda da su. Amma mafi yawan mabiya Musulmi ne masu salla da azumi, ba su taɓa karanta Markis ko Mao ba. Abin da suke so shi ne a rage lanho, gyaɗa ta yi kuɗi, dogari ya daina dukan talaka, Nasara ya koma gida.

A 1956 aka zaɓi Jibo magajin garin Yamai. A shekarar nan ya haɗa kai da jam'iyyar BNA, wadda sarakuna da yawa ke goyon baya. A zaɓen watan Maris 1957 suka ci kujera 41 cikin 60. Jibo ya zama jagoran gwamnatin farko ta ƴan ƙasa.

I ko A'a

A 1958 Janar Digol ya hau mulki a Faransa. Ya ce kowace ƙasa ta jefa ƙuri'a. Wadda ta ce I, ta zauna tare da Faransa. Wadda ta ce A'a, ta sami ƴancin kai nan take, amma Faransa ta janye hannunta. Jibo ya ce A'a, kamar yadda Seku Ture ya ce a Gine.

Faransa ba ta so ta saki Nijar ba. Tun 1954 tana yaƙi a Aljeriya, Nijar kuwa tana iyaka da Aljeriya. Aka aiko sabon gwamna mai suna Kolombani. Ya sa kumandoji suka shiga aikin neman I, da lallashi da ban tsoro. Sarakunan da ke tare da Jibo suka juya masa baya, don sun ga gwamnatinsa ta fara taɓa ikonsu.

Ran 28 ga watan Satumba 1958 aka jefa ƙuri'a. Aka ce masu I kimanin 372,000 ne, masu A'a kimanin 102,000. Mafi yawan waɗanda aka rubuta sunansu ba su ma fito ba. A watan Oktoba Jibo ya sauka. A watan Disamba aka sake zaɓen majalisa. Sawaba ta ci kujerun Damagaram da na Tasawa, amma aka soke su. Jori Hamani ya kafa gwamnati. A watan Oktoba 1959 aka haramta Sawaba ɗungum.

Ku duba da kyau. Mutumin Damagaram ya bi layi, ya zaɓi wanda yake so, an ƙirga, ya ci, sannan an ce ba a yarda ba. Bayan haka an ce jam'iyyarsa ma laifi ce. Da aka sami ƴancin kai ran 3 ga watan Agusta 1960, jam'iyya ɗaya tak ta rage a ƙasa. Ƴan Sawaba wasu suna kaso, wasu an kore su daga aiki, wasu sun gudu Kano sun fake wurin ƴan NEPU.

Hanyar bindiga

Jibo ya zauna a Bamako, daga baya ya koma Akara, wurin Kwame Nkuruma. Daga can aka riƙa fitar da samari a ɓoye. Wasu aka tura su karatu Rasha da ƙasashen gabashin Turai. Wasu aka tura su koyon yaƙin sunƙuru a Aljeriya, da Sin, da Biyetnam ta Arewa, da Gana. Yaron da bai taɓa wuce Kano ba sai ga shi a birnin Nankin na ƙasar Sin, ana koya masa harbi da dasa nakiya.

Koyarwar Mao ita ce mayaƙi ya zauna cikin manoma. Su za su ɓoye shi, su ciyar da shi, su gaya masa inda soja yake. Shugabannin Sawaba sun ɗauka mutane suna jiransu. Sun zaci da an ji ƙarar bindiga, ƙasa duka za ta tashi.

A ƙarshen damina ta 1964, cikin Satumba da Oktoba, mayaƙan suka shigo ƙungiya-ƙungiya. Duka-duka ƴan ɗaruruwa ne. Wasu ta wajen Tera, wasu ta Ƙonni, wasu ta kudancin Maraɗi da Damagaram, wasu ta wajen tafkin Cadi. Suka kai hari kan wasu ƙananan ma'aikatun gwamnati na bakin iyaka. Amma ƙasa ba ta tashi ba. Gwamnati ta riga ta sami labari. Ta sa sarakuna da masu gari su tara mutane da baka da kibiya, a bi sawun baƙi cikin daji. Cikin ƴan makonni aka kashe wasu, aka kama wasu, saura suka tsere. Ran 13 ga watan Oktoba 1964 aka harbe huɗu a bainar jama'a a Yamai.

A watan Afrilu 1965, ranar Babbar Salla, wani ɗan Sawaba mai suna Amadu Jop ya jefa gurneti a filin idi na Yamai, yana nufin Shugaba Jori. Jori ya tsira. Wani yaro ƙarami ne ya mutu. Bayan haka kamu ya ƙaru. Aka cika gidajen kaso, aka azabtar da mutane, wasu ba su fito da rai ba. Har wanda laifinsa kawai ya ba ɗan'uwansa ruwa bai tsira ba. A watan Fabrairu 1966 sojoji suka kifar da Nkuruma a Gana, Sawaba ta rasa mafaka.

Me ya sa ba su ci nasara ba?

Na farko, shekara biyar ana murƙushe jam'iyyar a cikin gida. Waɗanda za su tarbi mayaƙan suna ɗaure, ko suna jin tsoro. Na biyu, asiri ya tonu tun kafin a fara, ga kuma Faransa tana bayan gwamnati. Na uku, ƙarfin Sawaba a gari yake, da tasha, da kasuwa. Manomin da ya jefa wa raƙumi ƙuri'a a 1957 bai yi alkawarin mutuwa ba. Ƙuri'a daban, yaƙi daban.

Wani misali daga nesa

Akwai wata ƙasa ta duwatsu tsakanin Indiya da Sin, sunanta Nepal. Su ma a da suna da sarki, da masu manyan gonaki, da talakawan da ke noma wa wasu. A 1996 mabiya Mao suka fara yaƙi a yankunan Rolpa da Rukum, ƙarƙashin wani da ake kira Parachanda. Su ba daga waje suka shigo ba. Sun daɗe zaune cikin ƙauyuka, don haka suka jure shekara 10. Mutane fiye da 13,000 suka mutu. Duk da haka ba su ci babban birni da bindiga ba. A 2006 aka yi sulhu. A 2008 aka yi zaɓe, suka fi kowa kujeru, majalisa ta kawar da sarautar ƙasar, Parachanda ya zama firayim minista. Bayan jinin nan duka, wurin akwatin zaɓe aka komo. Talauci kuwa bai ƙare ba, samarinsu da yawa suka ci gaba da fita neman aiki a ƙasashen Larabawa.

Ƙarshen labari

Ran 15 ga watan Afrilu 1974 Seyni Kunce ya kifar da Jori, ya saki ƴan Sawaba da ke ɗaure. Jibo ya dawo gida, amma a 1975 aka sake kama shi, ya yi shekaru a tsare. Da aka buɗe siyasar jam'iyyu da yawa, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, ya sami ƙuri'a kaɗan. Ya rasu a Yamai a watan Afrilu 1998.

Jama'a, wanda ya toshe wa ruwa hanya, kada ya yi mamaki idan ya ci masa gona. Ranar da aka soke ƙuri'ar Damagaram da ta Tasawa, ranar aka shuka abin da aka girbe a 1964. Amma bindiga ma ba ta kawo sawabar da ake nema ba, sai marayu da gwauraye.

An daɗe ana tsoron faɗin wannan tarihi. Wataƙila a gidanku akwai wanda kakansa ya jefa wa raƙumi ƙuri'a, ko ya bi giwa, ko ya kwana a kaso. Tun da yanzu kun iya rubutu, ku tambayi tsofaffi, ku rubuta abin da suka gani, kada ya bi su kabari. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu ta kowane ɓangare, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.