Daren da Aka Mayar Mana

Mako Mai Tsarki ya ƙarato. Kafin mu shiga cikinsa, bari mu waiwaya mu ga yadda magabatanmu cikin bangaskiya suka riƙe waɗannan kwanaki, musamman daren Asabar da ake kwana a zaune ana jiran tashin Yesu daga matattu.

Tsakanin shekara ta 381 da 384 wata mace mai suna Egeriya ta taso daga yammacin Turai ta ziyarci Urushalima. Ta rubuta wa 'yan'uwanta mata na gida abin da idonta ya gani, aka kuwa gano rubutun a garin Arezzo na Italiya a 1884. Ta ce ran Lahadin Dabino da yamma jama'a sukan gangaro daga Dutsen Zaitun da rassan dabino da na zaitun a hannu, har jarirai ma ana ɗauke da su a kafaɗa. Daren Alhamis a kan dutsen ake kwana ana addu'a, sai zakara ya yi cara a sauko Getsamani da kyandir fiye da 200, a isa cikin gari a gajiye liƙis. Bishop ya ƙarfafa su, su ɗan huta, su komo. Ran Jumma'a a fito da itacen gicciye, kowa ya zo ya sumbace shi, dikononi suna tsaye suna gadi, gama an ce wani ya taɓa gatsar guntu ya tafi da shi. Daga tsakar rana zuwa ƙarfe uku suna fili a waje, ana karanta shan wuyar Ubangiji, babba da yaro suna kuka.

Daren Asabar kuwa shi ne kan gaba. A cikinsa ake yi wa sababbin masu bi baftisma. Agustin Mai Tsarki, bishop na Hippo, ɗan Afirka ta Arewa, ya kira shi uwar dukan tsaron dare.

To, sannu a hankali aka riƙa jawo wannan sujada baya, daga dare zuwa yamma, daga yamma zuwa rana, har ta koma safiyar Asabar. Ku duba abin mamaki. A hura sabuwar wuta, a kunna babban kyandir, a yi waƙar daren haske, alhali rana tana leƙowa ta taga. A 1642 aka cire waɗannan kwanaki uku daga ranakun da dole a bar aiki. Manomi yana gona, ɗan kasuwa yana rumfa, sai Fada da masu taimakonsa da 'yan tsirarun mutane a majami'a. Haka aka yi ta yi shekaru ɗaruruwa.

Paparoma Pius na 12 ne ya ba da izinin mayar da sujadar cikin dare a 1951. A 1955 kuma ya gyara tsarin makon duka, Jibin Ubangiji ya koma yammacin Alhamis, sujadar gicciye ta koma la'asar ɗin Jumma'a. Dalilin a fili yake: domin jama'a su samu zuwa.

Na san abin da wasunmu za su ce. Bazara ce, zafi ya yi yawa, karatu tara ne in an yi su duka, yara za su yi barci. Gaskiya ne, kuma barcin yaro a cinyar uwarsa a gidan Allah ba laifi ba ne. Amma mukan kwana a zaune wajen biki ko makoki ba mu ƙirga sa'o'i. A Getsamani Yesu ya nemi Bitrus da 'yan'uwansa su yi tsaro tare da shi sa'a ɗaya kawai, ya tarar suna barci (Matiyu 26:40).

Saboda haka ku tambayi katikis lokacin da za a fara a majami'arku. Ku zo ran Alhamis, ku zo ran Jumma'a. Ran Asabar in duhu ya shiga, kowa ya riƙo kyandirinsa da ruwan sha, ya biya ya ɗauko tsohuwar da ba ta iya tafiyar dare ita kaɗai. A waje za a fara, a bakin wuta.