Daga fadamar Gulbi zuwa teburin ƙofar lakol: yadda taba ta shigo mana

Ranar da na fara riƙe karan sigari ina aji huɗu a firamare. Ba sha na yi ba, aike ne. Mushenmu ya kira ni lokacin shan iska, ya miƙo mini ƴan canji ya ce: "Ruga wurin mai tebur ka sayo mini kara biyu." Na tafi ina taƙama, don ba kowane yaro mushe ke aika ba. A hanya na shinshina karan, na ji ƙamshinsa ya yi mini daɗi. Yau ni ma alli nake riƙewa, kuma wannan aiken ya daɗe yana damuna, har ya sa na bi sawun taba in ga ta ina ta shigo mana.

Taba baƙuwa ce. Asalinta nahiyar Amurka, Turawa suka ɗauko ta, ta iso Afirka ta Yamma wajen ƙarshen ƙarni na 16, ta bakin teku da kuma ta hanyar ayarin Sahara. Tun isowarta malamai suka rabu a kanta. Ahmad Baba na Tambutu, wanda aka kai Marrakesh bayan da Maroko ta ci daular Songhai a 1591, ya ba da fatawa a farkon ƙarni na 17 cewa ba haram ba ce, tunda ba ta gusar da hankali. A ƙarshen wannan ƙarnin Muhammad al-Wali, wani malamin Bagirmi a ƙasar Cadi ta yau, ya rubuta littafi yana kafa hujjar haramcinta. A ƙarni na 19 daular Masina ta Shehu Amadu ta hana shan ta gaba ɗaya, amma hanin bai kashe kasuwarta ba. Shekara ɗari huɗu ke nan ana wa'azi a kan taba, tana nan.

Mu nan ƙasar Hausa noma ta muka yi. A fadamar Gulbin Maraɗi ana dasa ta da rani, a shanya ganyen, a daka shi da kanwa. Kakana yana da ƴar battarsa a aljihu, ya ɗiba ya cusa a leɓe. Mata kuma suna goge haƙora da furen taba bayan sun ci goro. Wannan tabar ma tana da cutarta, a baki da dasashi da maƙogwaro. Sai dai tana da shinge na shekaru da kunya. Abin tsofaffi ce. Saurayi ba ya taɓa ta gaban babansa ko gaban surukinsa.

Sigarin kwali ne ya rushe wannan shingen. Ya zo da mulkin Turawa, ya fara zama a bakin soja da ma'aikacin ofis da ɗan boko, har ya zama alamar wayewa. A 1959 aka buɗe masana'antar sigari a Zariya, a maƙwabciyarmu Najeriya. Daga shekarun 1970, da Najeriya ta riƙa hana shigo da wasu kaya daga waje, Maraɗi ta zama zangon fataucin sigari: a sauke shi a Kwatano ko Lome, a hauro da shi nan, a tsallakar da shi iyaka. Daga baya hanyar ta juya arewa, ta Agadas da Dirku zuwa Libiya. Manyan ƴan kasuwa sun samu, baitulmalin gwamnati ya samu haraji. Sigari kuwa ya yi arha, ya cika tebura, ana sayar da shi kara kara, daidai kuɗin da ke aljihun yaro.

A daidai lokacin da sigari ke bazuwa a nan, can Turai asirinsa ke tonuwa. A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka nuna a Ingila cewa shan sigari na da alaƙa da sankarar huhu. Doll kansa mashayi ne, yana cikin binciken ya daina. Suka ci gaba da bin lafiyar dubban likitocin Ingila, kuma sakamakon shekara 50, da aka fitar a 2004, ya nuna mai shan sigari na rasa kimanin shekara 10 na rayuwarsa. Wanda ya daina yana ɗan shekara 30 yana tsira daga kusan dukkan wannan asara, wanda ya daina a 50 yana ceto kimanin shekara 6, ko a 60 ma yana ceto 3. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, na cewa taba na kashe mutum sama da miliyan 7 a shekara, cikinsu fiye da miliyan 1 ba su taɓa kunna ta ba, hayaƙin wani suka shaƙa. Matanmu da ƴaƴanmu ke nan, a ɗaki ɗaya da mai sha.

A watan Mayun 2003 ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar OMS ta yaƙi da taba, ta fara aiki a Fabrairun 2005, Nijar ta rattaba mata hannu na ƙarshe a wannan shekarar. Ranar 15 ga Mayun 2006 ƙasarmu ta samu dokarta mai lamba 2006-12, tana cikin na farko a yankinmu, don Najeriya sai 2015 ta yi tata babbar dokar. Dokar ta hana tallan taba, ta hana shan ta a makarantu da asibitoci da motocin haya, ta hana sayar da ita a cikin makaranta. Allunan talla sun sauka, wannan kowa ya gani. Amma ku leƙa ƙofar kowane lakol ko kwaleji a Yamai, Damagaram ko Tawa: mai tebur na nan, alewa da biskit a gefe, buɗaɗɗen kwalin sigari a gefe. Ga shisha kuma ta shigo da ƙamshin lemu da na'ana'a, yara na cewa ai ruwa na tace ta. Taba ce, ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi.

Abin da na karanta a wannan tarihin shi ne, fatawa kaɗai ba ta raba mutum da taba, doka a takarda ma haka. Abin da ke cikinta, nikotin, kama ƙwaƙwalwa yake yi, kuma yawancin mashaya tun suna samari suka fara. Saboda haka aikinmu biyu ne.

Na farko, mu daina aiken yara sayen sigari, a gida ko a lakol. Malamin da bai daina ba, kada ɗalibi ya gan shi da ita. Ƙungiyar iyayen yara ta zauna da mai teburin ƙofar makaranta cikin mutunci, a nemi ya janye kwalin. A aji kuma a ba yara lissafi: a ce kara ɗaya dala biyar ne, mai shan goma a yini na ƙona dala hamsin, a wata jika bakwai da rabi, a shekara sama da jika 90. Su faɗi buhun hatsi nawa ke nan.

Na biyu, mai son dainawa taimako yake buƙata, gori ba ya yi masa komai. Kwanakin farko ne masu wuya: fushi, ciwon kai, rashin barci. Abin yana tsanani a makon farko, ya lafa cikin makonni kaɗan. Kwaɗayin kan taso ya wuce cikin ƴan mintoci, in aka sha ruwa, aka tauna asuwaki, ko aka tashi aka taka. Ya tsayar da rana, ya faɗa wa iyalinsa, ya zubar da kwali da ashana, ya ƙaurace wa fadar da ake shayi da hayaƙi na ɗan lokaci, ya nemi shawarar likita. In ya koma, ya sake farawa, don da yawa sai sun gwada sau da dama.

Kawuna ya yi shekara 30 yana sha. Sau uku yana dainawa yana komawa. Wani azumi, bayan shan ruwa, na gan shi riƙe da kara bai kunna ba. Na ce: "Kawu, wanda ya iya haƙuri daga asuba zuwa magariba, ai ya iya kaiwa isha'i." Ya yi dariya ya ce: "Kai yaro, ka fiye baki." Amma ya mayar da karan. Daga isha'i ya kai sahur, daga nan ya kai salla. Matarsa ta jure masifarsa ta makon farko ba ta ce uffan ba, jikokinsa kuwa aka gargaɗe su kada wanda ya yarda a aike shi wurin mai tebur. Bana shekara shida ke nan.

Ranar 31 ga Mayu ce ranar yaƙi da taba ta duniya, ana cikin shekarar karatu. Ni dai na sa ta a jadawalin ajina, da wancan lissafin na jika 90 zan fara.