Daga Sha-ka-tafi Zuwa Digiri: Tarihin Masu Haɗa Magani



A yawancin littattafanmu, da zarar labari ya shiga asibiti, likita ne gwarzo. Wanda ke bayan taga yana miƙo magani kuwa, ko suna ba ma ba shi. Alhali aikinsa na da tarihi mai tsawo, kuma an yi asarar rayuka kafin a san darajarsa.

Dattawan Kafin Hausa da Haɗeja suna tuna zamanin En'e, lokacin da asibitin talaka shi ne sha-ka-tafi. Malamin asibiti ne zai duba ka, ya wanke gyambo, ya tsiyaya maka magani daga babbar kwalba ka kurɓa a gabansa. Domin samar da masu sanin awo da haɗi ne Turawa suka buɗe makarantar haɗa magunguna a Zariya a 1930, bayan ta Legas. Abin da ake so daga ɗalibi a lokacin bai wuce ya haɗa abin da likita ya rubuta ba tare da kuskure ba.

Bayan samun 'yancin kai sai karatun ya shiga jami'a. Ife ce ta fara ba da digiri, sannan Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ta zama uwa ga masu wannan fanni a Arewa. Daga nan aikin ya faɗaɗa: sanin yadda magani ke aiki a jiki, da wanda ba ya haɗuwa da wani, da yadda zafi ke kashe ƙarfinsa.

Sai dai kasuwa ta riga ilimi gudu. A 1990, yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan shan farasitamol na ruwa da aka haɗa da sinadari mai lalata ƙoda. Wannan musiba na cikin abin da ya haifar da hukumar NAFDAC a 1993. A 2001 aka ɗora Dora Akunyili a kanta, mai haɗa magunguna ce wadda jabun allurar ciwon sukari ta kashe 'yar uwarta. Ta yaƙi 'yan jabu har aka harbi motarta a 2003. A 2018 kuma gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin, bayan ya cinye matasa da matan aure da dama a Kano da Jigawa.

Yau ɗalibi kan yi shekara biyar ko shida a jami'a, ya ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki, ya sami lasisi, sannan ya yi bautar ƙasa. Daga nan hanyoyi suka rabu: asibiti, kamfanin sarrafa magani, hukumomin sa ido, koyarwa da bincike, ko buɗe shagon kansa. Ku lura, ɗan kemis na unguwa daban ne. Izininsa na sayar da wasu ƙananan magunguna ne kawai.

A ƙasarmu ta fadama, duk daminar da kogin Haɗeja ya yi ambaliya, zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa ke biyo baya. Uwa a ƙauye takan fara da mai tallar magani a ranar kasuwa, wanda kayansa suka wuni a rana. Ɗan Kafin Hausa da ya karanta wannan fanni ya dawo gida, shi ne zai iya ce mata: "Iya, kada ki ba shi wannan."

In za ku rubuta shi a labari, ku ba shi suna, ku ba shi wannan nauyin.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. Sai mako mai zuwa.