Wake da Shinkafa a Bakin Teku: Tarihin Wuraren Cin Abincin Akra

 Wannan karon ni aka ɗora wa nauyin muƙala, zan kuma ɗauke mu zuwa Akra, babban birnin Gana, wanda kakanninmu fatake suke kira Ankara.

Bayan na kammala difloma na je can wajen baffana da ke zaune a Sabon Zango, na yi wata biyu. Washegarin saukata ya ce in taso mu je karin kumallo. Muka tarar da dogon layi a gaban wata rumfa, ma'aikatan ofis da 'yan makaranta da direbobi, a jikin allo an rubuta "Waakye". Na tambaye shi me ake sayarwa. Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan nan, waken gidanku ne ba ka gane ba?" Ashe a rubutun Akan "ky" ana karanta shi kamar "c", shi ya sa wake ya koma waace a bakinsu. Wake da shinkafa ne, an dafa da karan dafi ya yi ja, a zuba garin rogo da taliya da ganda da ƙwai, a naɗe a ganye. Taliyar ma "talia" suke ce mata. Tun ranar na fara bin sawun yadda aka yi sunayenmu suka isa tukwanen bakin teku.

Kafin mu isa, garin yana da masu shi. Akra ƙasar mutanen Ga ce, masunta ne da manoma, kuma tsofaffin unguwanninsu sun girma ne a gindin ganuwoyin da Turawa suka gina don ciniki: ta Holan a 1649, ta Ingila a 1673, wadda unguwar Jamestown ta samo suna daga gare ta, da ta Denmak a Osu. Abincinsu na asali shi ne komi, wanda muka fi sani da dokunu. Ƙullun masara ne da ake bari ya yi tsami, a ƙunshe a ɓawon masara a dafa, a ci da soyayyen kifi da niƙaƙƙen barkono da baƙin yajin da suke kira shito. Har gobe idan ka je Jamestown da yamma, kusa da hasumiyar fitilar jiragen ruwa, za ka ga kwalekwale suna dawowa, mata suna karɓar kifi suna jefawa a mai nan take. Wannan shi ne gidan abinci na farko a Akra, ba shi da bango ba shi da suna.

Hausawa kuwa ta hanyoyi uku suka zo. Ta farko ita ce goro. Shekaru aru-aru ayarin fatake na tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, su kai kanwa da tufafi da kayan fata kasuwar Salaga, su komo da goron Ashanti. A 1874 Ingila ta ci Kumasi da yaƙi, hanyoyin ciniki suka rikice, sai kuma yaƙin basasar 1892 ya watse Salaga. 'Yan kasuwar garin suka bazu, wasu Kete Krachi, wasu Kintampo, wasu suka gangara har teku. A tsohon garin Akra akwai kasuwar da har yau ake kira Salaga. Daga baya aka gane ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas ya fi sauri a kan jakuna, kuma Alhassan Ɗantata, wanda mahaifiyarsa ta zauna a Akra, yana cikin waɗanda suka yi wannan fatauci kafin ya koma Kano.

Hanya ta biyu ita ce aikin soja. A 1863 wani Bature mai suna Glover ya haɗa runduna a Legas, yawancinsu masu jin Hausa ne da suka tsere daga bauta. Da su aka yi yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874, wasunsu kuma ba su koma ba. Ta uku ita ce ta malamai. Malam Naino ya sami fili daga sarakunan Ga ya kafa Zangon Malam a 1881, shekara huɗu bayan an maido da hedikwatar mulki daga Cape Coast zuwa Akra a 1877. Da wurin ya cika, rigingimu suka yi yawa, ɗansa Malam Baƙo ya tashi da jama'arsa ya kafa Sabon Zango a 1912. Nima ta biyo baya a farkon shekarun 1930, a filin da Malam Amadu Futa ya samu.

To ku lura, duk sunayen da na lissafa na maza ne. Amma zango masauki ne na baƙi, baƙo kuwa sai ya ci. Soja da mai dako da ɗan kasuwar da ya bar iyalinsa a arewa ba su da mai dafa musu, don haka matan zango suka riƙa girki a cikin gida, yara na fita da shi talla, wasu kuma suka kafa teburi a ƙofar gida. Birnin yana ta cika a lokacin, domin noman koko ya bunƙasa, layin dogo ya haɗa Akra da Kumasi a 1923, kuma garin ba shi da tashar da manyan jirage za su matso, sai dai ɗaruruwan leburori su yi ta jigilar kaya da ƙananan jirage daga cikin teku, har zuwa lokacin da aka buɗe tashar Tema a 1962. Leburan da zai yini yana ɗaukar buhu yana son abu mai arha mai riƙe ciki. Wake da shinkafa ya dace da shi, daga nan ya fita daga zango ya shiga gari.

Ku dubi jerin abincin titin Akra a yau. Da asuba akwai "Hausa koko" da "koose". Akwai "masa" da "pinkaso", wato funkaso, da "fula". Da rana akwai "tuo zaafi" da miyar ayoyo mai ƙamshin daddawa, wadda suke kira "dawadawa". Ranar Lahadi bayan an taso coci ana cika gidajen "omo tuo", tuwon shinkafa ke nan, rabin sunan Akan rabi Hausa. Mai sayar da waakye ko daga ina take, "Hajia" masu saye suke kiran ta.

Sai dai a nan zan ja kunnenmu, kada mu ce duk namu ne. A bakin mutanen kudu, duk Musulmin da ya fito daga arewa Bahaushe ne, ko da Badagombe ne ko Mosi ko Bazabarme ko Kotokoli ko Bafulatani. Hausa ita ce harshen da ya haɗa su a zango da bariki, don haka abincin da kowa ya kawo da sunan Hausa ya shiga gari. Da yawa daga cikin shahararrun masu waakye daga Tamale suka fito. Harshenmu ne ya yi rijistar, amma hannaye da yawa ne suka yi girkin.

Ba a maganar wuraren cin abincin Akra a tsallake mashaya, ko da mutum ba ya sha, domin tarihinsu ɗaya ne. Ƙaramin gidan abinci "chop bar" suke ce masa, mashaya kuma "spot". Barasar talaka ita ce akpeteshie, wadda ake tacewa daga bammi ko rake. Turawan mulki sun haramta ta a shekarun 1930, lokacin da suke karɓar haraji mai yawa a kan wadda ake shigowa da ita, aka koma sha a ɓoye. Sunan ma daga kalmar Ga ta ɓuya ya fito. Sai a 1962, bayan samun 'yanci, gwamnatin Nkrumah ta halatta ta. Masu hali kuwa suna da gidajen rawa na kiɗan highlife, irin Paramount na E.T. Mensah, inda Louis Armstrong ya yi wasa da ya zo daga Amurka a 1956.

Ina Bahaushe a wannan hoto? Yana bakin ƙofa. Kusan kowace mashaya a Osu ko bakin ruwan Labadi, za ka ga hayaƙi a gefenta, mai tsire ne da tukubarsa da yajin ƙuli-ƙuli. Su "chichinga" suke ce wa tsiren, shi kuma "abochi", wato aboki. Na zauna da wani daga cikinsu a Osu har ƙarfe ɗaya na dare. Ya ce mini shekara goma sha biyu yana wurin bai taɓa wuce dokin ƙofar ba, amma da kuɗin mutanen ciki ya aurar da ƙannensa biyu. Idan lokacin salla ya yi, yaron mashayar ne ke tsare masa wuta. Na tambaye shi ko abin na damun sa, ya ce, "Malam, kullum." Zango ma yana da nasa abin sha, lamurje, wanda suke kira "lamugin", 'yan gari kuma suka yi masa laƙabi da giyar Hausawa alhali babu maye a cikinsa.

Wannan sana'a ta sha wuya. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar. Dubban mutane suka tafi, ciki har da waɗanda a Gana aka haife su, aka bar rumfuna da gidaje aka sayar da kaya a wulaƙance. A 1979 sojoji suka rushe kasuwar Makola bisa zargin matan kasuwa da ɓoye kaya. Duk da haka tukunyar ba ta sauka ba.

Idan aka tambaye ni wuraren da na fi so, uku ne. Layin masu dokunu da kifi na Jamestown da almuru. Kasuwar dare ta Osu, inda fitilu ke ci a kan teburan mata har tsakar dare. Sai rumfar nan ta Sabon Zango da baffa ya kai ni. Akwai manyan wurare irin Asanka Local da Buka a Osu, masu kujeru da fanka, suna sayar da abincin nan na zango ga masu kuɗi da baƙi 'yan yawon buɗe ido, kuma ba laifi. Amma a rumfar ne na tambayi mai abincin wa ya koya mata. Ta ce uwarta, ita kuma daga kakarta da ta zo daga wajen Sakkwato. Na ce mene ne sunan kakar? Ta yi shiru, ta ce ita dai "Iya" ta ji ana cewa.

Abin da ya sa na kawo mana wannan batu ke nan. Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, ya rubuta abin da ya gani a zamaninsa da Hausa da Larabci, shi ya sa muka san labarin Salaga. Deborah Pellow, 'yar Amurka, ta yi littafi guda a kan Sabon Zango. Mu kuwa, duba labaran da muke turowa a nan: jaruma tana Dubai tana cin shawarma, jarumi yana Landan, duk garuruwan da yawancinmu a waya muka gan su. Ga matar da ta bar Sakkwato ta ciyar da birni a bakin teku, jikarta ma ba ta riƙe sunanta ba. Ga mai tsire a ƙofar mashaya da abin da ke ransa. Wane labarin ne ya fi wannan rikici da tausayi?

Ba sai ka je Akra ba. Legas na da Obalende da Agege, Ibadan na da Sabo, garinku ma yana da mai ƙosan da ta fi shekara talatin a kwana ɗaya. A wannan makon ina roƙon kowa ya je wajen ɗaya, ya sayi abinci, ya gaishe ta da ladabi, ya tambaye ta daga ina ta zo da wanda ya koya mata, ya rubuta kalma ɗari uku ya ajiye mana a ƙasan wannan rubutu. Ku fara da sunan kakar, idan an tuna shi.

'Yan uwanmu na Gana da ke cikin zauren nan, inda na yi kuskure a gyara mini. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.