Yadda Ƙwaƙwalen Waya Suka Koyi Jin Juna

Kalmar "kash" ce ta ja ni cikin wannan tarihi. Mu da muka yi lakol da Faransanci mun san asalinta, ɓoyewa take nufi. A 1965 Maurice Wilkes na jami'ar Kambirij ya ba da shawarar a ajiye ƴar ma'ajiya mai sauri gab da ƙwaƙwalwar kwamfuta, don kada ta riƙa zarya zuwa babban rumbu. Shi "bawa" ya kira ta. Sunan bai zauna ba, gwamma haka ma. Da IBM ta fito da injinta 360/85 a 1968 sai aka ari kalmar Faransawa. Ni dai maɓoya zan ce.

Muddin ƙwaƙwalwa guda ce, ba rigima. Da suka zama biyu, huɗu, kowace da maɓoyarta, sai aka shiga uku. Ku ɗauka ƴan uwa huɗu ne ke saida geron rumbu ɗaya a kasuwar Gure, kowa da takardar farashinsa. Ɗaya ya ƙara kuɗin tiya bai faɗa wa kowa ba. Sauran fa? Suna can suna tafka asara da tsohon farashi.

A 1978 Faransawa biyu, Censier da Feautrier, suka ce a buɗe rajista, a rubuta wa ke riƙe da me. A 1983 James Goodman na Wiskonsin ya ce kowace maɓoya ta kasa kunne kan hanyar da saƙo ke bi. Bayan shekara guda Papamarcos da Patel a Ilinoy suka fito da tsarin MESI. Wallahi a matsayina na ɗalibin ilimin harshe, nan na fi jin daɗi: harshe ne mai kalma huɗu kacal. Na sauya shi. Ni kaɗai ke da shi. Muna tarayya. Nawa ya tashi aiki. Shi ke nan ƙamus ɗin.

To amma wannan harshe na ƴan gida ɗaya ne. A 2011 kamfanin ARM ya haɗa manya da ƙananan ƙwaƙwale a guntu guda: Cortex-A15 don aiki mai nauyi, Cortex-A7 don tattalin batir. Ɗan Gamu mai lallaɓa cajin wayarsa ya san darajar wannan. In aiki ya tashi daga ƙarama ya koma babba, dole ya tarar da sabon bayani, in ba haka ba lissafi ya ɓaci shiru, ba wanda ya ji. Sai ARM ta kafa ƙa'idar ACE, ta sa wani sashe, CCI-400, tsakaninsu kamar tafinta.

Ƙwaƙwalwar da ke zana hoto kuwa, da farko rabin harshen aka ba ta, ACE-Lite. Tana iya leƙa maɓoyar sauran, su ba su leƙa tata. In ana son abin da ta rubuta, sai manhaja ta sa ta juye shi cikin babban rumbu tukuna.