Tushe da Ba da Gari

Turawan Ingila suna da wata kalma da suka ara daga Faransanci, ana rubuta ta touché, ana faɗinta tushe. Ba ta da dangantaka da tushen itace na Hausa, sai dai kamar lafazi. Ma'anarta, an taɓa ni.

Asalinta daga wasan takobi ne. Mutum biyu su tsaya da takubba sirara marasa kaifi, kowa yana neman ya taɓa ɗan'uwansa da tsini. Hannu yakan riga ido sauri, har alkalin wasa ya kasa gani. Saboda haka wanda aka taɓa shi ne zai buɗe baki ya ce tushe, ya ba da shaida a kan kansa. A farkon ƙarni na 20 kalmar ta shiga Ingilishi, ba da jimawa ba ta bar filin wasa ta koma wurin gardama. In abokin muhawara ya kawo magana mai ma'ana wadda ba ta da amsa, sai a ce masa tushe. A 1936 aka fara amfani da na'urar lantarki a wasannin Olamfik don ta nuna taɓawa, amma wurin gardama har yanzu sai mutum ya faɗa da bakinsa.

To, Hausawa ma suna da tasu, ta kuwa fi tsada. Yaran Zazzau in sun taru da dare suna kacici-kacici, wanda ya kasa amsa ba ya yin shiru, sai ya ce, na ba ka gari. Mai tambaya yana iya raina garin, ya ƙi karɓa, sai an ba shi Kano ko Makka, sa'an nan ya faɗi amsa.

Wannan harshen mayaƙa ne, mutanen da suka zauna gindin dutsen Kufena kuwa sun san shi. Bisa ga tarihin baka, nan sarautar Zazzau ta komo daga Turunku, ganuwa ta kewaye wurin. Tarihin Kano ya ce Amina ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da bābānni 40 da goro 10,000. Shi ba da wasa ya ba da gari ba. Yaro kuwa yakan ba da Katsina yau, gobe da dare ya karɓo ta.